Kalimba mai harshe 17: abin kiɗan da ke yawo daga hannu zuwa hannu

Yawancin kayan kiɗa raba jama'a gida biyu suke yi, ga wanda ya iya, ga 'yan kallo. Jita ko fiyano sai mutum ya kwashe watanni yana fama kafin ya fitar da abin da kunne zai iya jurewa. Kalimba mai harshe 17 ba haka take ba. A miƙa ta ga wanda bai taɓa riƙe ta ba, kafin minti biyar ya fara fitar da sauti mai daɗi, na kusa da shi kuma ya ce a ba shi ya taɓa. Wannan shi ne babban dalilin sayenta, kuma da shi ya kamata a auna ta. Wanda ke neman abin da zai cika zauren taro da ƙara, ko ya kaɗa kowace waƙa da ya ji, zai sha takaici. Wanda ke neman abin da zai zaunar da mutum biyu ko uku wuri ɗaya su manta da waya na rabin awa, da wuya ya sami wanda ya fi ta sauƙi.

Ƙaramin akwatin katako ne, tsawonsa kusan santimita 18, faɗinsa kusan 13, kaurinsa bai kai 4 ba. A samansa an jera siraran ƙarafa 17, su ne harsunan. Wata sandar ƙarfe ta danne su daga sama, sun kuma kwanta a kan matashin katako mai siririn ƙarfe a bisansa. Daga wannan matashi zuwa bakin harshe shi ne ɓangaren da ke kaɗawa ya ba da sauti. Ana riƙe ta da hannu biyu, manyan yatsu su danna bakin harshe su zame. A cikin kwalin yawanci akan tarar da ƙaramar guduma ta saiti, da sitika masu lamba, da ƙyallen gogewa, da jaka, wani lokaci da robar sa wa yatsa.

Asalinta Afirka ne. Danginta sun daɗe a hannun al'ummomi da dama, mafi shahara ita ce mbira ta mutanen Shona a Zimbabwe, mai harshe 22 zuwa 28, wadda hukumar UNESCO ta sa fasahar ƙera ta da kaɗa ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2020, da sunan Malawi da Zimbabwe. Mai binciken kiɗa Hugh Tracey, wanda ya kafa ɗakin adana kiɗan Afirka a Afirka ta Kudu a 1954, shi ne ya fitar da samfurin da aka saita a kan do-re-mi ya sayar wa duniya da sunan kalimba. Wadda ta cika kasuwa yanzu, mai saitin C (wato do-re-mi ɗinta ya fara daga sautin da ake kira C), jikar wancan samfuri ce, kuma galibi a Sin ake ƙera ta. Kada a ɗauka wanda ya iya wannan ya iya mbira. Jerin harsunansu da tsarin kiɗansu daban ne.

Sirrin sauƙinta yana cikin yadda aka jera harsunan. Mafi tsawo yana tsakiya, shi ne C, lamba 1, mai kaɗawa kusan sau 262 a daƙiƙa. Daga nan sai a riƙa tsallake: 2 a hagu, 3 a dama, 4 a hagu, 5 a dama, 6 a hagu, 7 a dama, sannan a sake farawa da 1 mai ɗigo ɗaya a hagu (ɗigo a saman lamba yana nufin hawa na gaba, wato an sake zagayen 1 zuwa 7 da sauti mafi sama), har a kai harshe na ƙarshe a dama, 3 mai ɗigo biyu. Da farko wannan yakan rikita wanda ya saba da fiyano, domin hawa daga 1 zuwa 7 sai an yi ta kai-komo tsakanin yatsu biyu. Amma dubi abin da ya haifar: kusan duk harsuna uku da ke maƙwabtaka a gefe ɗaya sautinsu ya dace da juna. 1, 3, 5 suna jere. 2, 4, 6 suna jere. Idan yatsa ya kuskure ya taɓa na kusa, abin da zai fito ba zai soki kunne ba. Shi ya sa yaro ɗan shekara shida da dattijuwar da ba ta taɓa koyon kiɗa ba za su iya karɓa su yi wasa da ita ba tare da jin kunya ba. Jin kunya kuwa shi ne abin da ya fi hana manya taɓa kayan kiɗa, ba rashin basira ba.

Jikinta iri uku ne a kasuwa, kuma a nan ne mutane suka fi yin zaɓen tumun dare. Akwai mai rami a ciki, da huda ɗaya a gaba da ƙanana biyu a baya. Ita ta fi ƙara, ƙananan sautukanta na tsakiya suna da kauri da ɗumi, kuma idan aka riƙa toshe hudojin baya da buɗe su da yatsun tsakiya, sautin yakan yi wata rawa mai daɗi da yara ke so ƙwarai. Rauninta shi ne harsunan gefe: sau da yawa na farko a hagu da na ƙarshe a dama ba sa ringi, sai dai su ce "tak" su mutu. Akwai mai katako curi guda ba rami. Ba ta kai waccan ƙara ba, amma sautinta ya fi daidaito daga tsakiya har gefe, kuma manyan sautukan sama sun fi daɗewa suna amo. Sai ta roba mai kama da gilashi, wadda ta fi kyau a hoto, sautinta tas, amma tana da nauyi, hannu yakan gaji, kuma idan ta faɗi a kan siminti takan tsage. Don zama cikin mutane, mai rami ta fi. Don kaɗa karin waƙa mai hawa sama sosai, ko don wanda ke son motsa yatsu da dare ba tare da ya tashi kowa ba, mai curi ta fi.

Game da katako, mahogani ya fi yawa, sautinsa mai taushi ne. Akwai kuma wani katako da ake kira koa, mai ɗan kaifin sauti. Gaskiya bambancin katako bai kai yadda masu talla ke kururutawa ba. Ingancin harsuna da yadda aka danne su ya fi tasiri nesa ba kusa ba. Zane-zanen barewa ko fure a bakin huda ba su ƙara komai.

Kafin a biya kuɗi, ko ranar da aka buɗe kwali idan ta intanet aka saya, ga gwajin da ba ya cin minti uku. A kaɗa kowane harshe shi kaɗai, a ƙirga daƙiƙa nawa yake yi yana amo. Na tsakiya ya kamata su ja lokaci sosai. Na gefe dole sun fi gajarta, wannan ba aibi ba ne, amma ya zama ana jin sauti na gaske, ba ƙarar taɓa ƙarfe kawai ba. A shafa bakin harsunan da tsokar yatsa: mai kyau an lanƙwasa bakinsa ƙasa kaɗan an goge shi sumul, marar kyau yana da kaifi, zai ci farce cikin kwana biyu. A duba ko tazarar da ke tsakanin harsuna daidai take. A girgiza akwatin kusa da kunne, idan wani abu na motsi a ciki to gam ya saki. A ƙarshe a duba ko lambobin an sassaƙa su a jikin ƙarfe ko sitika ce. Sitika takan ɓare, kuma idan aka manna ta kusa da bakin harshe tana ɗan rage amo.

Kusan kowace sabuwar kalimba tana isowa da 'yan harsuna da suka goce daga saiti, saboda jijjigar hanya. Ba lalacewa ba ce. Ana buƙatar manhajar saita sauti a waya, wadda ke nuna kowane sauti da harafinsa, a bar ta a kan ma'aunin da aka saba, wato A mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa. Ƙa'idar ɗaya ce: gajeren harshe sautinsa sama, dogo sautinsa ƙasa. Idan allura ta nuna sautin ya yi ƙasa, a ƙwanƙwasa bakin harshen daga ƙasa da guduma, ya shige sama, ɓangaren da ke kaɗawa ya gajarce. Idan ya yi sama, a ƙwanƙwasa wutsiyarsa daga sama ya sauko.

Inda ake ɓata abu shi ne ƙarfin bugu. Sautin irin wannan harshe ba ya bin tsawo ɗaya-da-ɗaya; ragin kashi 2 cikin ɗari a tsawo yana ɗaga sauti da kusan kashi 4. A gajeren harshe na gefe, motsin milimita ɗaya kacal zai iya wuce rabin mataki gaba ɗaya, wato tazarar sauti tsakanin maɓallan fiyano biyu da ke maƙwabtaka. Don haka bugun ya zama kamar ana ƙwanƙwasa ƙwai ba a son ya fashe, a buga sau ɗaya, a kaɗa, a duba. Manhaja tana raba rabin mataki gida 100. Idan allura ta tsaya tsakanin 5 sama da 5 ƙasa, a bar shi haka, kunne ba zai kama ba. Wani abin da ke ruɗa sababbi: a daidai lokacin da aka kaɗa, allura takan yi tsalle ta nuna wani harafi daban. Dalili shi ne harshen ƙarfe yana fitar da wani siririn sauti na sama, wanda ya ninka na asali fiye da sau shida, kuma shi waya ke fara kamawa. A jira rabin daƙiƙa ya mutu, sannan a karanta. A kuma ɗora yatsa a kan harsunan da ke maƙwabtaka don kada su amsa. Saitin farko zai iya cin minti 20. Bayan haka duba sau ɗaya a wata ya isa.

Matsala ta biyu ita ce ƙarar "zirr" da ke bin wani harshe. Abin mamaki, masu mbira da gangan suke ɗaura marafan kwalba ko ƙananan bawo don su sami irin wannan ƙara, a wurinsu ado ce. A kalimba ta zamani kuwa alama ce ta harshen bai kwanta daidai a kan matashi ba, ko ƙura ta shiga tsakani. Matakin farko, a kama harshen a ɗan motsa shi hagu da dama sau uku ko huɗu, ya sake zama. Idan bai daina ba, a yanki siririyar takarda, a ɗan ɗaga harshen, a zura ta tsakaninsa da ƙarfen matashi, a ja ta fita ta kwaso dattin. Idan har yanzu yana yi, a bar ɗan guntun takardar a wurin a yage ragowar. Yawanci a nan maganar ke ƙarewa. In sandar dannewa mai sukuru ce, a gwada ƙara ɗaure ta da kwata ɗin juyi, kada a wuce haka, domin matsi mai yawa yana kashe amon gajerun harsuna kuma yana iya tsaga katako. Bayan kowane irin wannan gyara sai an sake duba saiti.

Harshen da ya mutu a gefe ya fi wuyar sha'ani. Wani lokaci motsa shi da yawan kaɗa shi na 'yan makonni yana buɗe shi. Wani lokaci kuma ƙirar akwatin ce, ba abin da za a yi. Dabarar da ta rage ita ce a sauke shi ya ƙara tsawo, a sadaukar da sautin mafi sama, tunda waƙoƙi kaɗan ne ke kaiwa can. Amma idan harsuna uku ko huɗu ne suka mutu tun ranar farko, a mayar wa mai kaya.

Yatsu za su yi zafi a makon farko. A bar farcen manyan yatsu ya wuce tsoka da milimita 1 zuwa 2, a goge bakinsa ya yi kwana, a riƙa kaɗawa da farce ba da tsoka ba. Minti 10 zuwa 15 a rana ya isa a farko. Robar yatsa da ke cikin kwali tana rage zafi amma tana dusashe sauti kuma tana hana zamewa a kan harsuna uku, don haka a ɗauke ta a matsayin ta wucin gadi.

Yanzu ga inda kuɗin ke fita, wato kaɗawa da wani. Mutum biyu, kalimba biyu, ko ɗaya tana zagayawa. Na farko ya riƙe gindin kiɗa da haɗi huɗu, kowane haɗi harsuna uku ne da ake kaɗawa tare. Ya zame yatsan dama a kan 1, 3, 5, ya ƙirga huɗu. Ya zame a kan 5, 7 da 2 mai ɗigo, duk a dama, ya ƙirga huɗu. Ya koma hagu, 6 da 1 mai ɗigo da 3 mai ɗigo. Ya rufe da 4, 6 da 1 mai ɗigo. Sai ya sake daga farko, a hankali, kamar bugu 60 zuwa 70 a minti. Na biyu kuma a gaya masa abu ɗaya tak: ya taɓa duk abin da ya ga dama cikin 1, 2, 3, 5, 6, ya bar 4 da 7. Waɗannan biyun su ne masu iya karo da haɗin da ke ƙasa. Idan aka cire su, kusan duk abin da ya kaɗa zai zauna. Ana iya manna ɗan ɗigon sitika a kan harsunan da aka yarda ya taɓa.

Abin da ke faruwa a minti na uku ko na huɗu shi ne abin lura. Mai gindin kiɗa yakan fara rage gudu don ya jira ɗan'uwansa, shi kuma ya fara barin gurbi maimakon ya cika ko'ina da sauti. Ba wanda ya koya musu, kunne ne ya tilasta. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne gudu: da zarar abin ya fara daɗi sai kowa ya ƙara sauri, haɗin ya watse. Maganinsa mutum na uku ya riƙa tafi a hankali ko buga ƙafa, shi ma ya shiga ciki ke nan. Wata hanyar ita ce bayarwa da amshi: ɗaya ya kaɗa sauti uku ko huɗu, ɗayan ya maimaita, sannan ya canza na ƙarshe ya mayar. Da yara wannan ya fi tafiya, kuma dariya ta fi yawa idan babba ne ya kasa maimaitawa.

Idan kalimba biyu za a haɗa, a saita su da waya ɗaya a zama ɗaya. In ba haka ba, harsuna biyu masu lamba ɗaya za su riƙa wani kaɗawa "wau-wau" a tsakaninsu. Yawan kaɗawar a daƙiƙa shi ne girman saɓaninsu. Kuma a nan ra'ayina a fili yake: matsakaita biyu sun fi mai tsada guda ɗaya amfani a gida.

Ƙarancin ƙararta, wanda wasu ke kuka da shi, yana da nasa alheri. Dole mai saurare ya matso, dole a kashe talabijin. A gefen gadon marar lafiya, ko wurin kwantar da jariri, ko zama da tsohon da hira ta fara yi masa nauyi, ana iya kaɗa ta ana magana a kanta ba tare da ɗaga murya ba. Amma a wurin da ya wuce mutum goma, ko a waje inda iska ke kaɗawa, ɓacewa take yi. Akwai masu ƙaramar na'urar ɗaukar sauti a ciki da ake jona wa lasifika. Suna aiki, sai dai suna kwaso har ƙarar gogar hannu a jikin katako, kuma idan aka tsaya gaban lasifika sai ta yi kuwwa.

Babbar iyakarta ita ce sautuka bakwai kawai gare ta a kowane hawa, babu na tsakankani, wato irin baƙaƙen maɓallan fiyano. Waƙar da ke buƙatar ɗaya daga cikinsu sai dai a tsallake wurin ko a sake saiti. Misali, ɗaga harsunan F biyu, wato masu lamba 4, da rabin mataki yana mayar da ita saitin G, amma fa lambobin da aka sassaƙa ba za su ƙara dacewa da takardun koyo ba. Haka kuma idan muryar mai waƙa ba ta zauna a C ba, kalimba ba za ta bi shi ba, shi ne zai bi ta. Mai harshe 21 tana ƙara sautuka huɗu a ƙasa, abin da ke ba gindin kiɗa nauyi, kuma ta cancanci dubawa ga mai manyan hannaye. Mai 34, mai jerin harsuna biyu, tana da sautukan tsakankani, amma ta yi nauyi, saitinta aiki ne, kuma ta rasa wannan sauƙi na miƙa wa baƙo ya taɓa. Ga ƙananan yara akwai mai 8 ko 10. Gudumar da sitika dai a ɗauke su daga inda ɗan ƙasa da shekara uku zai kai hannu.

Littafin koyo da ke zuwa a kwali galibi ba shi da wani kirki, fassararsa a karkace, waƙoƙinsa kaɗan. Abin amfani a cikinsa shi ne hoton jerin harsuna, a ajiye shi don ranar saiti. Tsarin lambobi kuwa ana koyonsa a zama ɗaya: lamba ita ce harshe, ɗigo a sama yana nufin hawa na gaba.

Kula da ita ba wuya. Gumin hannu ne ke kawo tsatsa, don haka a goge harsuna da busasshen ƙyalle bayan an gama, musamman idan hannaye da yawa sun taɓa. Sau ɗaya a 'yan watanni a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a ƙyalle a shafa, kada a zuba kai tsaye, zai gangara ƙarƙashin matashi ya sa harsuna su riƙa zamewa daga saiti. Tsatsar da ta fara fitowa ana cire ta da sanfefa mafi laushi. Katako ba ya son iska mai tsananin bushewa, ba ya son rana kai tsaye ko cikin motar da aka rufe, nan ne fuskar mai rami ke tsagewa daga bakin huda. Danshin ɗaki tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari shi ne daidai. A wuri mai laima kuma a bar ɗan ƙunshin tsotse danshi da ya zo da ita a cikin jaka. Sai dai jakar ta zama ta tafiya da lokacin damshi kawai. Sauran ranaku a ajiye kalimbar a kan tebur ko kanta inda mutane ke zama, nesa da taga, gudumar saiti kuma a cikin aljihun jakar don kada ta ɓata.